Na Taɓa Kyamarar Ƙirji, Direba Yana Tsare

Assalamu alaikum Malam Abdulgafar. Ka taimake ni da shawara, abin nan ya hana ni sukuni. Ban yi boko ba, maƙwabcina ne ke rubuta mini, na kuma rantsar da shi.

Shekara arba'in da ɗoriya ina gadin wata tashar mota a Bolari. Babu direban da ban san ubansa ba. Da aka fara tayar da bama-bamai a garin nan, kwamitin tasha ya sayo mana kyamarar da ake maƙalawa a ƙirji, don ta riƙa ɗaukar duk mai shiga. Na ce musu kaina ya fi ta riƙo, suka ce alƙali ba ya leƙa cikin kai.

Wanda aka ba aikin saita ta ɗana ne na fari. Mu Fulani ne. Tun da aka haife shi ban kira sunansa ba, ban zauna tabarma ɗaya da shi ba. Ranar da ya tara masu gadi yana koya musu, na ce zazzaɓi nake yi. Ta yaya zan tsuguna gabansa ina cewa ya maimaita mini?

Allonta ne ya dame ni, don waje yake kallo. Mata in sun zo wucewa sai su ga fuskarsu a ƙirjina, su tsaya gyara mayafi. 'Yan kamasho suka sa mini Baba Talabijin. Wata Asabar na zagaya bayan masallaci na yi ta danne-danne don in kashe allon, har ta mutu ta sake tashi. Allon ma bai daina haske ba. Na maƙala abata na yi shiru.

Bayan mako uku jami'an tsaro suka tafi da Elias, direban Kaltungo, wai an ga motarsa a wani wuri da aka kai hari ranar Talata da safe. Ni kuwa na san yana tasha, taya yake canzawa, ranar aka yi ruwan farko. Aka buɗe kyamarata, ga Elias ga tayarsa, amma kwanan watan da ke jikin hoton na shekarun baya ne. Suka ce wannan ba shaida ba ce. Kwamiti ya ce ɗan nawa ne bai iya aiki ba, aka karɓe aikin daga hannunsa a bainar jama'a. Ya dube ni sau ɗaya ya sunkuyar da kai. Ya gane.

Yau kwana tara Elias yana tsare. Matarsa Jane kullum sai ta zo tasha, ta durƙusa ta yi mini sannu da ƙoƙari. In na je na rantse a kan abin da idona ya gani, bai isa ba? Dole sai na tona kaina?

Tsohon mai gadi, Bolari

Wa alaikumus salam Baba. Dole ne, kuma yau.

Kunyar ɗan fari tarbiyya ce, kuma kwamiti ya yi sakaci da bai kulle saitin da lambar sirri ba. Amma rantsuwarku kaɗai ba za ta goge kwanan watan da ke jikin hoton ba. Bayanin yadda ya ɓaci ne zai yi hakan, ku kaɗai kuma kuka san shi.

Da alama dannawar da kuka yi ta mayar da kyamarar yadda ta fito daga kamfani, agogonta ya faro lissafi daga baya. In haka ne, tazarar da ke tsakanin kwananta da na gaskiya ba ta canza ba tun ranar Asabar ɗin. Masani zai iya lissafawa ya nuna hoton na Talatar ne. Don haka kada kowa ya gyara agogon, a daina ɗauka da ita kada sabon hoto ya hau kan tsoho, kada kuma a bari batirinta ya ƙare.

Ku sami shugaban kwamiti ku faɗa masa ranar da kuka taɓa ta, sannan ku tafi tare da lauya wurin masu tsare da Elias. Ɗanku kuwa, in baki ba zai iya ba, ku tura ƙanin mahaifiyarsa. Amma wanke shi, a gaban mutanen da aka kunyata shi za ku yi, da bakinku.

Za a yi surutu kwana biyu, Baba. Ku daure, mutum ne a tsare. Allah ya kuɓutar da Elias, ya ba ku ƙarfin zuciya.