Sunan da Ba Ka Taɓa Furtawa Ba

Zuwa ga ɗana Misbahu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da Najwa da baƙuwarmu kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya raya ta, Ya ƙara wa mai jego lafiya, Ya sa sanyin Poland ya zo muku da sauƙi. Mu nan alhamdu lillahi, ba mu rasa rai ko ɗaya ba. Yau kwananmu goma sha ɗaya a makarantar firamare ta kan tudu, tun ranar da jinga ta ɓalle da la'asar, ruwa ya shigo gari. Gida ashirin da uku ne muke cunkushe a ajujuwa huɗu. Mu mata muna ajin da nake koyarwa, tabarmata tana ƙarƙashin allo, darasin da na rubuta ranar ƙarshe yana nan ba wanda ya goge shi. Hanyar Haɗejiya ta yanke, ta Malam Madori ma haka. Ta kowace taga ka leƙa ruwa ne, sai kawunan bishiyoyi. Kwalekwalen Usaini kaɗai ke iso mana, shi ma sai bayan kwana biyu, domin ciyawar kacala ta toshe hanya, sai ya yi ta sara kafin ya sami wurin wucewa. Shi zan ba wayata ya kai bakin titi inda ake samun sabis, ya tura maka hoton wannan takarda.

Saƙon muryarka ya shigo ranar da Usaini ya fita da wayata bakin titi, na saurare shi sau uku. Ka ce a asibitin da Najwa ta haihu akwai nas-nas har biyu masu sunan mahaifiyarka, ka bincika a waya, ka ga an ce sunan masu hidima ne a ɗakin bautar Rumawa na dā, saboda haka zuciyarka ta ƙi kwanciya da mayar wa jaririya sunan. Wannan ruɗani ba kai ka fara shi ba. Mutane da yawa, har da masu karatu, suna zaton idan kalmomi biyu suka zo da haruffa iri ɗaya, to uwarsu ɗaya. Ka yi mini uzuri, zan rubuta sunan a fili don bayani. Abin da ka karanta gaskiya ne, amma labarin Kamila tasu ce, wadda ta fito daga Latin. Tamu Balarabiya ce, ma'anarta cikakkiya, 'yar gida ɗaya da kamala da kammalawa, da kamilin mutum da muke faɗa kullum. Kakanka na Birniwa malami ne, ya san abin da ya zaɓa wa 'yarsa. Ai kai ne ka ba ni dariya bara, ka ce a kasuwarsu kaza ce ake kira kura, kuma rana a bakinsu rauni ne. Ban ji ka daina cin kaza ba. Haka kuma wani suna yakan sauya kama har ka kasa gane shi, alhali shi ne. Haladu na mahaifinka ai Khalid ne, bakin mutanenmu ya tausasa shi.

Sai dai ni na koyar da kai tun aji ɗaya, ban yarda wannan ne ya tsayar da kai ba. Mai karatun injiniyan ruwa ba ya buƙatar gwaggonsa ta raba masa Latin da Larabci. Na tuna ranar da muke cika takardun jarrabawa, na bi ku ɗaya bayan ɗaya ina tambayar sunan uwa. Da na zo kanka ka sunkuyar da kai, ka rubuta a bayan littafinka, ka nuna mini, ka yi maza ka goge har takardar ta huje. Haka muka rene ku, ɗa ba ya kama sunan uwarsa. Shekara talatin da ɗaya ba ka taɓa furta shi ba, ga shi ta rasu kana can, ba ka sami jana'iza ba. Yanzu kuma kana tsaye a barandar asibiti, kana jin ana ƙwala wannan suna daga wannan ƙofa zuwa waccan kamar ana kiran mai shayi. Na san ya yi maka ciwo. Na kuma san abin da ya fi shi nauyi. Da a gida aka haihu, mahaifinka ne zai karɓi jaririya ya yi mata huɗuba, ya raɗa mata sunan, kai kana waje kana karɓar barka. A can ba kaka, ba liman na unguwa. Kai ne za ka faɗa da bakinka.

Bari in gaya maka halin da Yaya Haladu yake ciki, domin shi ba zai gaya maka ba. Tun da ya ji Najwa na da juna biyu ya ware ɗan rago yake kiwo. Ranar da ruwa ya shigo, Usaini ya ce masa kwalekwale ya cika, ya zaɓa ko buhun shinkafa ko rago. Bai ko kalli buhun ba. Yanzu ragon yana ɗaure a jikin sandar tutar makaranta. Ba ciyawa a tudun nan, Yaya ne ke shiga ruwa har gwiwa yana sassabo masa ganye, ga ciwon suga, ga ƙafarsa ta hagu ta tsage ta kumbura, tun shekaranjiya ba ta shiga takalmi. Ma'aikacin lafiyar da ya zo ya ce a fita da shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Usaini ya ce zai ɗauke shi, amma ba zai ratsa kacala da rago mai zillo a cikin jirgi ba, sun sha wuya a karon farko. Yaya ya ce to shi ma ba inda za shi sai an yanka ragon jikarsa ranar Alhamis, a kan sunan da aka yi masa alkawari. Talatu maƙwabciyarmu ta tsokane shi, ta ce gida ashirin da uku sun ƙura wa ragon nan ido, in bai yi wasa ba za a raɗa masa sunan wata jaririyar. Ya ce ta fara haifo ta tukuna, da furfurarta. Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi, amma na ga yadda ya dafa bango kafin ya zauna.

Ban faɗa masa saƙonka ba. Duk lokacin da ya ji ƙarar sandar Usaini a ruwa sai ya aiko a tambaye ni ko an yi huɗuba, ni kuma in ce sabis ne babu. Ƙarya ba ta yi mini kyau a wannan shekaru, ɗana, kuma ba ni da wurin ɓuya, tsakanina da shi bango ɗaya ne. Ba zan tilasta maka ba, 'yarka ce, kuma duk sunan da ka zaɓa za a yanka rago a kansa. Amma kada ka bar tsohon nan zaune da ruɓaɓɓiyar ƙafa yana jiran abin da ba ka yanke ba. Shawarar da ka kawo, a kara masa waya ya yi huɗubar daga nan, ba za ta yiwu ba. Ko a kan rufin makaranta aka hau, waya ba ta kamawa.

Yayarka Bushira tana gaishe ku, ita da yara suna Jahun wurin dangin mijinta. Kawunka Yunusa da matarsa Amatullahi suna yi muku barka. Ka gaishe mini da Najwa da kyau, ka ce ta riƙa shan kunu da zafinsa ko da na garin kanti ne.

Ga abin da nake so ka gwada da kanka. In ka ga ɗaya daga cikin nas-nas ɗin nan, ka tambaye ta wa ya sa mata suna. Ina kyautata zaton za ta ce maka na kakarta ne, ko na wata da aka so. Sannan ka koma gida, ka yi alwala, ka rufe ƙofa, ka ɗauki 'yarka. Ka yi kiran salla a kunnenta na dama, iƙama a na hagu, ka faɗi sunan a hankali, yadda ita kaɗai za ta ji. Sau ɗaya ne tak. Daga nan har ƙarshen rayuwarka Ummi za ka riƙa kiranta, ba wanda zai sake neman ka furta. Usaini zai tsaya da wayata a bakin titi ranar Laraba har azahar. Ba sai ka rubuta sunan ba, ka ce an yi huɗuba kawai, mahaifinka zai gane. Ranar Alhamis da hantsi a yanka rago, kafin azahar in sa Yaya Haladu a kwalekwale da hannuna.

Wassalam. Taka har kullum,
Gwaggonka Ummussalma