Ƙwayoyin da Suka Hana Ki Zuwa Gida

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara basira, ya tsare min ke a inda kike. Mu nan alhamdulillahi. Yayanki ya hau ya gyara rufin kicin, yanzu yoyon ya dawo ɗakina.

Auta, saƙonki ya iso, wai bana ma ba za ki zo ba saboda ƙwayoyin bakteriya, halittun nan da ido ba ya gani, da kike kiwo a kwalba. Na sa tabarau na karanta, na cire na sake karantawa, ko laifin tabarau ne. Kin ce da gangan kike ba su abinci ɗigo-ɗigo, don ki gano ɗan ƙarfin da ke riƙe ransu. Wai in yunwa ta kai musu ko'ina sai su daina hayayyafa su lafe, ba su mutu ba, ba su motsa ba, kuma in kika ɗaga ƙafa wani ya cika musu ciki, wahalarki ta tashi a banza. Ni da na bar makaranta tun ina cin alli ban isa in ja da masu farar riga ba. Amma a iya sanina, mai kiwo so yake dabbarsa ta yi ƙiba ta haihu. Mai aski ya tambaye ni aikinki, na ce gadin masu barci kike yi, ya yi ta dariya har ya yanke ni a ƙeya.

To, wasa ya tsaya nan, raina a ɓace yake. Kakarki ta rage ci, cokali biyu sai ta kau da kai. Wuni take kwance ido a rufe, ba ta magana sai an taɓa ƙofa, ta tambaya ko ke ce. Likita ya ce jikinta tattalin ɗan ƙarfin da ya rage yake yi, kada mu sa rai sosai. Naki kin ce in an ƙara musu abinci suna farfaɗowa. Ita mun ƙara, mun canza, mun lallaɓa, shiru.

Ki roƙi malaminki ya samo mai ɗiga musu abincin. In babu, ni zan zo in zauna musu, zaman banza dai na iya shi, mamanki shaida ce.

Mamanki da Yayanki da Gwaggonki suna gaishe ki. Kakarki ban ce ta gaishe ki ba, don na gaya mata kina hanya. Kada ki mayar da ni maƙaryaci.

Naki,
Baba