Bijimin da Na Yi Wa Baba Bakance

Juma'a, 10 ga Janairu
Yau ma a teburin mai shayi Ubale maƙwabcina ya tsokane ni. Wai Baba Alhaji Abdulmumin ya tsufa, sau uku yana neman shugaban ƙasa yana shan ƙasa, mu bar shi ya huta. Raina ya ɓaci. Na miƙe a gaban kowa na ce, na yi wa Allah alkawari ranar da Baba ya ci zan yanka bijimina Fari, duk Burumburum ta ci nama. Na sha faɗar haka a zaɓukan baya, amma ban taɓa sa sunan Allah ba sai yau. Na daina gaisawa da Ubale.

Lahadi, 12 ga Janairu
Matata Zuwaira ta ji. Tambaya ɗaya ta yi min: shanun huɗa biyu gare mu, Fari da Baƙi, in na yanka ɗaya ni zan ja garmar? Na ce mata ba ta san siyasa ba.

Alhamis, 30 ga Janairu
Baba ya zo Tudun Wada! Kai, jama'a kamar ƙasa. Furfura ta cinye shi amma muryar nan tana nan. Da ya ce shi bai taɓa sauya hula don neman kujera ba, wallahi sai da na yi hawaye. Tun ina saurayi nake bin mutumin nan, ana min dariya. Na dawo murya a dishe.

Asabar, 22 ga Fabrairu
Na dangwala. Ubale na bayana a layi, ko kallonsa ban yi ba.

Laraba, 26 ga Fabrairu
Ya ci! Baba ya ci! Allahu Akbar. Rediyo na faɗa na fita ba takalmi. Masu achaɓa har daga Kiru suna ta hon. Duk wanda ya gan ni sai ya ce, Ɗan'azumi, ranarka ce. E, ranata ce, kuma na cancanta.
Da na shigo gida Fari ya miƙo kai yana neman dusa. Sai na tuna alkawarina.

Alhamis, 27 ga Fabrairu
Na je wurin Malam Isa a ɓoye, ko akwai mafita. Ya ce bakance ne, tunda na ambaci Allah kuma na ambaci bijimin, sai cikawa. Ban musa ba. Da ma ko ya ba ni hanya, da wane ido zan koma teburin shayi?

Juma'a, 7 ga Maris
An yanka. Ban tsaya wurin ba, na ce ina da uzuri. Nama ya shiga kowane gida, ana ta sa min albarka, ni kuma kai sama. Zuwaira ta ƙi ci. Ta aika wa gidan Ubale cinya, na yi kamar ban gani ba.

Alhamis, 29 ga Mayu
An rantsar da Baba. Jawabi mai daɗi. Hadari ya fara haɗuwa gabas.

Litinin, 9 ga Yuni
Ruwa ya sauka sosai. Kowa na huɗa, gonata na kwance. Baƙi shi kaɗai ba ya iya jan garma, na gwada. Masu ba da hayar shanu duk aiki ya cika musu. In satin nan ya wuce, masarar bana sai dai labari. Tsoro nake ji, gaskiya.

Laraba, 11 ga Yuni
Da sassafe na ji sallama. Ubale ne, riƙe da igiyar jan bijiminsa. Ɗayan nasa ashe ya yi gurgunta. Ya ce, "Naka ɗaya, nawa ɗaya. Mu fara da taka, tunda ku ne da gwamnati."
Na shiga na kwanto Baƙi. Mun gama rabin gonar kafin azahar. Gobe tasa.
Baba dai har yanzu shi ne gwanina, kowa ya sani. Hotonsa da ke ƙofar gida ruwa ya ɓata shi, na cire, ban samu sukunin neman wani ba. Na ce wa Zuwaira ta ƙara hannu a furar gobe, mu biyu ne.