Inda Hoto Yake Ɗaukewa

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Direban kamfaninku ya kawo takardarka, tunda har yanzu waya ba ta shiga jejin da kuke aiki. Inna tana gaishe ka.

An sallamo Baba. Hannun dama ya fara motsi, amma bakin yana nan yadda shanyewar ɓarin jikin ta bar shi. Yakan kalle mu, leɓensa ya yi ta rawa, sai ya juya wa bango fuska. Likitar da ke koya masa magana ta ce bakin da zai buɗe a watannin farko yake buɗewa. Idan ta sake ganinsa babu canji, za ta ba wani gurbinsa, don masu jira suna da yawa.

Na ga umarninka cewa a kwashe kaset-kaset ɗin tsohon gidan kallo daga ɗakinsa a ba masu jari-bola. Ban yi ba. Ka ji dalili kafin ka yi fushi.

Ina cikin kwasa na ce bari in ga ko bidiyon yana aiki. Na saka wanda Baba ya rubuta wa "Kada Mai Ido Ɗaya" a jiki, na ƙaton kadan robar nan da ake hango zif a bayansa, wanda mutane ba sa gajiya da shi. Jirgin masunta yana fitowa, sai na ji murya a bayana, a shaƙe: "Jama'a, ga su nan, sun fito neman ajali."

Yaya, da wannan maganar yake buɗe fassara duk sanda ya ɗauki makirfo. Ya bi fim ɗin yana faɗa yana sarƙewa, har na kashe. Inna ta share ido ta ce dama can akwatin ya fi mu jin muryarsa.

Ka bar mini kayan nan tukuna.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Ina fata wannan ta same ka lafiya. Amsarka ta iso, mutumin da ka sa a turo ma ya zo da amalankensa. Na tsaya a ƙofar ɗakin har ya gaji ya tafi. Ka ce na mai da Baba abin wasa, ka kuma tuna mini cewa kai ne ka tashi da sharar benci da tariyo kaset sa'adda sa'o'inka ke ƙwallo. Ban musa ba. Amma ba don gidan kallon nake yi ba.

Ga inda ake. Na nuna wa likita maganar Baba da na ɗauka a waya, ta saurara, ba ta yi murnar da na zata ba. Ta ce haddataccen zance kamar waƙa ne, yana fita ko da ƙofar a rufe take. Abin da take nema shi ne magana sabuwa, wadda ya haɗa da kansa.

Maigidana ya samo fim ɗin a waya, tas, ba ko ƙwarzane. Baba ya kalla kaɗan, ya ture da hannun hagu. Sai ƙarar shigar kaset, da hoton nan mai rawa, sannan bakinsa ke motsi.

Ka tuna wurin da zaren kaset ɗin namu ya taɓa cukurkuɗewa, daidai inda kadan ya nutse ƙarƙashin jirgi? Hoto ya ɗauke, allo ya cika da ɗige-ɗige, 'yan kallo su fara buga benci. A nan Baba ke ƙirƙiro labari daga kansa don ya zaunar da su, kullum daban, yana jefa wani daga cikinsu a bakin kada. Ya taɓa jefa ka, ka yi kuka. Idan akwai inda sabuwar magana za ta fito, nan ne.

Sai dai ban taɓa barin kaset ɗin ya kai wurin ba. Mai gyaran rediyo ya buɗe shi, ya goge fumfuna, ya ce zaren a wurin ya fi ɓawon albasa sirantaka, bidiyon kuma ya fara ja da ƙarfi. Idan ya tsinke ko ya naɗe a ciki, wataƙila shi ke nan. Na gwada wa Baba na fatalwa da na 'yan tsalle masu takobi, bai kula su ba. Wannan kaɗai ne. In na bari ya kai wurin, zan iya rasa ɗan abin da muke da shi. In na ci gaba da kashewa, ranar ganin likita ta matso, ba abin da zan kai mata.

Ka yi mana addu'a ko da kana fushi.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Ka zauna kafin ka karanta.

Jiya da hantsi na jingina Baba da matashi, na ba maigidana waya ya riƙe, na saka kaset. Da kadan ya fara nutsewa, yatsana yana kan maɓallin kashewa. Na ɗauke shi na zauna a kan hannuna.

Hoto ya ɗauke. Bidiyon ya yi wani gurnani, sai ƙas, ya tsaya. Zaren ya tsinke. Allo ya koma shuɗi, ɗakin ya yi tsit. Baba yana kallon allon, leɓensa yana rawa, ba abin da ke fita. Na ce a raina na kashe masa bakin da hannuna.

Inna ce ta tuna abin da ya rage. Ta ɗaga tafinta ta fara buga gefen gado, kamar yadda 'yan kallo ke buga benci. Maigidana ya taya ta da ƙafa.

"Kowa ya zauna," in ji Baba. Ya daɗe yana kokawa da sauran, amma ya fito da shi: "Kada ya tafi jeji. Neman Dogo. Mai taurin kai, ya bar ubansa."

Rabon da a kira ka Dogo tun kana sharar benci. Daga nan ya juyo gare ni ya ce, "Auta, reza. Salatif." Da hannun hagu ya nuna mini inda zan yanke. Na liƙe, zaren ya haɗu, ko da yake ban san sau nawa zai ƙara juyawa ba.

Yau likita ta kalli abin da muka ɗauka, ta maimaita, ta ce gurbinsa yana nan.

Labarin kam bai ƙarasa shi ba. Inna ta tambaye shi ko kadan ya kama Dogo, sai ya rufe ido ya ce, "Ya zo ya ji."

Na tariyo kaset ɗin na ajiye. Ba zan kunna ba sai ka iso.

Ƙanwarka,
Auta