Ku Rubuta Iyakar Wuta a Jikin Injin Caji

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke sayar da injinan cajin batir a Gusau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Ni ce Rabi, matar Malam Garba mai cajin batir a Bungudu. Da ajami na rubuta wannan takarda, maƙwabciyata malamar firamare ta mayar da ita boko. Na roƙe ta kada ta ƙara ko ta rage.

Na ɗaya. Shekara goma sha bakwai Malam yana wannan sana'a. Tsohon injinsa yana da allura da abin murɗawa. In batirin babur ne ya rage wuta, in na mota ne ya ƙara. Kuma yakan kara kunne jikin batir ya saurari tafasar ruwansa, kamar yadda nake sauraron tukunya. Ban taɓa jin batirin wani ya lalace a hannunsa ba.

Na biyu. A watan Rajab ya sayi sabon injinku, mai maɓallai da ɗan gilashi. Ma'aikacinku ya zo har shago ya saita shi. Mutumin kirki ne, ya ci tuwonmu ya yi godiya. Ya tambayi Malam wane batir ya fi samu, Malam ya ce na motocin ɗaukar hatsi. Sai ma'aikacin ya shigar da lamba ashirin a cikin injin, ya ce daga yau injin ya san aikinsa. Bai ce wannan lamba ita ce iyakar ƙarfin wutar da zai riƙa turawa ba. Bai rubuta ta ko'ina ba. Littafin da ya bari na Turanci ne, yana nan cikin adakata, ko lanƙwasa bai yi ba.

Na uku. Wata Laraba cikin Sha'aban, da hantsi, aka kawo batirin babur. Malam ya jona. Can ya ji batirin ya yi zafi, ya sunkuya ya kara kunne yadda ya saba. Ya ji tafasar ta wuce ƙa'ida, sai ya fizge wayar. Wuta ta yi tartsatsi, batirin ya fashe, ruwansa ya watsar masa a fuska. Mutanen kasuwa suka yi ta kwarara masa ruwa, Allah Ya saka musu. Kwana tara muka yi a asibiti a Gusau. Idon hagu bai dawo ba.

A nan dole in faɗi abin da ba ya taimakon ƙarata. Malam ya fizge wayar bai kashe injin ba, kuma ya san ba haka ake yi ba. Shi da kansa ya ce in rubuta wannan, don kada mu ɗora muku abin da ba naku ba. To, na rubuta.

Na huɗu. Amma takardar da kuka aiko bayan mun kai muku kuka ta ce sakacinsa ne kaɗai. Wannan kalma ta fi ciwon ido damunsa. Ranar da aka karanta masa, abincin rana ya dawo mini yadda na kai shi. Daga baya wani makanike ya bayyana mana cewa batir ba ya son wutar da ta wuce kashi ɗaya cikin goma na lambar da ke jikinsa, kuma na babur ko lamba ɗaya ta ishe shi. Injin kuwa a kan ashirin yake. Ranka ya daɗe, ta yaya mutum zai kiyaye iyakar da aka ɓoye masa a cikin akwati?

Abin da ya hana ni yin shiru shi ne, ƙanen Malam a Tsafe yana da irin wannan inji, shi ma ma'aikacinku ne ya saita masa. Shi ma yana kara kunne, don a wurin yayansa ya koya.

Ga roƙona. Ku aika a bi duk injin da kuka sayar, a gaya wa mai shi lambar da ke ciki da yadda ake sauya ta. Ku rubuta a jikin kowane inji, da Hausa, boko da ajami, wutar da ta dace da ƙaramin batir da ta babba. Sannan ku janye kalmar sakaci, ko da layi ɗaya ne, in karanta masa.

Malam ya ce bayan salla zai buɗe shago. Na so in hana shi, na ga hanawar za ta fi yi masa illa. Saboda haka in za ku yi rubutun nan, don Allah ku yi shi da manyan baƙaƙe, ido ɗaya ne zai karanta shi.

Allah Ya tsare maka ganinka, Ya sa albarka a kasuwancinka, Ya raya maka zuri'a.

Wassalam.
Rabi, matar Malam Garba, Bungudu.