Filin Ƙwallon da Ka Zana a Ƙasa

Zuwa ga Yayana, Idi magini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya sa kana cikin rahama, ni ne ƙanenka Sule. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, babu ɗan aiken da ya san hanyar inda kake. Ko kana raye ma sai dai in zauna in karanta maka, tunda da boko na rubuta, kai kuwa ba ka taɓa yarda rubutu ne ba. Amma maganar ta cika mini ciki, shekara guda ke nan da 'yan watanni, kuma ba wanda ya kamata ya ji ta sai kai.

Gida lafiya. Inna tana nan, sai ƙafar nan tata da kan tashi in an kwana biyu ana ruwa. Matarka, Yaya Hajara, ta sauka lafiya wata huɗu bayan tafiyarka. Mace ce, an sa mata sunan Inna, muna kiranta Ummi. Goshinka ne sak. Dabinon bayan gida ya yi 'ya'ya har mun raba wa maƙwabta.

Maganar filin ƙwallo nake son yi maka, Yaya. Ka tuna ranar da na dawo daga makarantar Kano da ƙwallo a cikin buhu? Ka juya ta, ka matsa ta da yatsa, ka ce ashe wannan ce Nasara suka tara manyan mutane suna bi da gudu. Kai ka riƙe ni tun rasuwar Baba, kai ka raka ni har ƙofar makarantar nan lokacin da aka ce Hakimi yana neman yaran da za a sa a boko, ka dawo ka ci gaba da cuɗa ƙasa don mu ci. Da aka ba ni koyarwa a elementare, kai ka sare mini ƙayar da ke gindin dutsen nan na yamma da filin, kusa da unguwar Limawa, ka kafa mana sandunan gida. Da 'yan makaranta muka fara. Kafin shekara biyu mahauta sun shigo, maƙera sun shigo, ranar kasuwa har fatake daga Buji suna ɗaure jakuna su tsaya kallo. Fili ya yi kaɗan. Mutane suna tsayawa a cikin layi, ƙwallo tana faɗawa gonar mutane, rannan har aka banke wani dattijo rawaninsa ya warware.

Sai Hakimi ya ce a faɗaɗa, a yi gayya, amma mu fara haɗa bakinmu. Ka san yadda taron nan na gindin tsamiya ya kasance. Tanko mahauci, wanda muryarsa ke kaiwa kasuwa in an ci gida, ya ce shi dai kada a nesanta shi da 'yan wasa, don in bai yi musu tsawa ba ba sa gudu. Ardo Buba ya ce duk abin da za a yi kada a taɓa burtalin shanunsa. Baba Liman na Limawa ya ce hayaniyarmu tana shiga sallar mutane. Wasu na son inuwa, wasu na son katanga, wani ma cewa ya yi a kai filin bayan gari kowa ya huta.

Kai kuwa ka bari sai da kowa ya gaji. Sannan ka tsuguna, ka ɗauki tsinke, ka zana a ƙasa. Ka ce a juya filin, gida ɗaya kudu ɗaya arewa, don kada rana ta riƙa dukan mai tsaron gida a ido. Ka ce kada a yi katanga ko kaɗan, a gina dakali hawa-hawa a jikin dutsen, masu kallo su zauna rana tana bayansu. Ka ce a haƙa wa ruwa hanya a gindin dutsen, a shimfiɗa mata duwatsu, ta zagaya ta arewa ta faɗa kwari.

Ni kuwa ina riƙe da takardata, wadda na kwaikwayo filin da na gani a Kano, katanga ta kewaye shi ta ko'ina. Na ga mutane sun fara gyaɗa maka kai, sai zuciyata ta ɗebe ni. A gaban mutanen gari na ce, “Yaya, wannan fa ba ginin rumbu ba ne. Ka taɓa ganin filin ƙwallo na gaske?” Aka yi dariya. Ka ɗago ka dube ni, ka sa ƙafa ka share zanen, ka ce, “Malam ya fi ni sani.” Ba ka taɓa kirana Malam ba sai ranar. Me ya sa ban bi ka gida na durƙusa ba? Har yau ina tambayar kaina.

Duk da haka da aka fara gayya kai ne farkon zuwa. Ka yi tubalin katangar da ba ka yarda da ita ba, ka ɗora shi daidai kamar naka ne, har ranar da ciwon ƙirji ya kwantar da kai. Na zo dubiya kullum, na yi maka hirar makaranta, na yi maka hirar kasuwa, ban taɓa buɗe baki na ba ka haƙuri ba. Kwana biyu kafin ka cika, da hantsi, ka riƙe hannuna ka tambaye ni ko mun bar wa ruwa hanya. Na ce mun bari.

Yaya, ƙarya na yi maka. Ba mu bari ba. Na ce wa kaina don hankalinka ya kwanta ne, amma gaskiyar ita ce kunya ta hana ni cewa ko tunanin abin ban yi ba. Ka lumshe ido ka ce madalla. Wannan madallar ta fi zagi ciwo.

Damina ta faɗi. Wata Talata bayan azahar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, dutsen ya tattaro shi duka ya sauko da shi, ya tarar da katangata a gabansa. Ya taru a bayanta har ya kai ƙugun mutum, sannan ya ture ta, ya bi lungun Limawa, ya shiga gidan Baba Liman. Allah Ya tsare ba a yi rashin rai ba, amma rumbunsa ya zube, geron da iyalinsa za su ci har kaka ya jiƙe. Na je na tarar da dattijon nan a cikin taɓo yana kwasar zangarniya da hannunsa. Hakimi ya aiko cewa in kaka ta wuce ba mu kawo abin da zai gamsar da mutanen Limawa ba, za a mayar da filin gona. Wata uku ba a taɓa ƙwallo a garin nan ba. Tanko ma ya daina ɗaga murya in na wuce ta rumfarsa.

Yaya Hajara ce ta cece mu. Bayan sunan Ummi da 'yan kwanaki ta ce in zo in ga wani abu a bayan rumbunku. Ta ɗaga wani tsohon kasko, sai ga filin nan gaba ɗaya a kan faifai, ka gina shi da yumɓu, ka shafe shi da makuba. Ga dutsen, ga dakali hawa biyar, ga hanyar ruwa, har burtalin Ardo ka ja masa layi. Ta ce ranar da na kunyata ka ka yi shi, da ka dawo ko tuwo ba ka ci ba. Ta ce ta tambaye ka amfaninsa tunda an ƙi, ka ce yaron yana da kai, wata rana zai nema. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarka.

Da aka gama girbi na ɗauki faifan a ka, ni da ake cewa Malam, na bi ta tsakiyar kasuwa har gindin tsamiya. Na faɗa wa mutane laifina ne, na faɗi abin da ka tambaye ni da amsar da na ba ka. Sai Baba Liman ya matso, ya tsuguna, ya bi hanyar ruwan da ɗan yatsa. Ya sa aka miƙo masa butarsa, ya tsiyaya ruwa a kan ɗan dutsen naka. Kowa ya leƙo. Ruwan ya gangaro, ya shiga inda ka tsaga masa, ya zagaya ya fita ta arewa, ko ɗigo bai taɓa filin ba. Dattijon ya ce, “Allah Ya jiƙan Idi. Wannan ya san ruwa.” Ya ce mutanen Limawa da kansu za su haƙa, amma da sharaɗi: ba a fara wasa sai an idar da la'asar, kuma ladan na buɗe baki da magariba a ɗauke ƙwallo ko da tana bakin gida.

Kada ka ɗauka daga nan gardama ta ƙare. Ka san mutanenka. Tanko ya rantse hawan ƙasa na mahauta ne, maƙera suka ce sai dai a raba, aka kwana biyu ana wannan kafin su yarda kowa ya ɗauki gefe. Ardo Buba ya taka burtalin da ƙafarsa har sau biyu, ya ce a ƙara masa taku uku don shanu masu ciki. Wasu samari har yanzu suna cewa fili ba katanga ai na ƙauye ne. Akwai kuma abin da ka manta, Yaya, bari in faɗa maka tunda ban saba samunka da kuskure ba. Tsofaffin matan nan masu ƙosai da fura sun zo suka ce ina nasu wurin? Muka kafa musu rumfa ta wajen kasuwa. Na san da ka yi dariya ka ce sun yi gaskiya.

Rani guda muka yi muna aiki. Na tuɓe riga na shiga kwaɓin ƙasa, ƙafafuna suka tsattsage, 'yan makarantata suna kallo. Abokan sana'arka sun koya mini yadda ake gane ƙasa ta nuna, da yadda ake jiƙa makuba. Sau nawa na gan ka ka dawo da wannan faso a ƙafa ban taɓa tambayarka ko yana ciwo ba? Yana ciwo, yanzu na sani.

Makon jiya aka yi ruwan fari, mai ƙarfi. Na fita a cikinsa ba ko malafa, na tarar ba ni kaɗai ba ne. Ga Tanko, ga Ardo, ga Baba Liman an riƙe masa tabarma a ka, duk mun jeru muna kallon dutse. Ruwan ya sauko da ƙarfinsa, ya faɗa hanyarsa, ya wuce kwari. Lungun Limawa ko taɓo bai yi ba. Tanko ya kurma ihun nan nasa kamar an ci gida.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka buga wasan farko, 'yan makaranta da mahauta. Dakali biyar sun cika maƙil, inuwar dutsen ta rufe kowa, masu tsaron gida ba wanda ya kare ido da hannu. Mahauta suka ci mu. Ban ji haushi ba, wallahi. Da ladan ya kira salla ƙwallo tana ƙafar ɗan wasanmu a bakin gida, ya sunkuya ya ɗauke ta da hannu, mutane suka fashe da dariya, aka nufi masallaci tare. A hanya wasu suna cewa hawan sama ya yi tudu da yawa, wasu suna cewa baɗi a ƙara na shida. Hakimi ya aiko cewa in an yi shuka an huta, a gayyato samarin Kafin Hausa su zo a gwada.

Jiya a kasuwa na ji wani bafatake, baƙo ne, bai san ka ba, bai san ni ba, yana ce wa abokin tafiyarsa in ya sayar da kayansa su haɗu a Dakalin Idi. Ba wanda ya raɗa wa wurin suna, ba Hakimi ba, ba ni ba. Na tsaya na tambaye shi wane ne Idin. Ya ce shi ma bai sani ba, amma ko wane ne, mutum ne mai tunanin jama'a. Na ce masa yayana ne. Ban taɓa faɗin kalmar nan da irin wannan alfahari ba, kuma na so a ce tun kana ji na faɗe ta haka.

Ka yafe mini, Yaya. Allah Ya haskaka makwancinka, Ya sada mu a inda ba rabuwa.

Ni ne ƙanenka,
Sule, malamin elementare, Dutse.