Kaskon Ranar Laraba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki? Tunda kin ce waya tana sa miki ciwon kai, ga ni da biro.

Yaya, ina cikin wani hali. Tun da 'yan biyu suka tafi makarantar kwana gidan ya yi mana faɗi. Ni na dawo daga makaranta da tulin takardun ɗalibai, shi maigidan ya dawo daga gyaran bututun gas ɗinsa, sai "sannu" da "yauwa". To kwatsam Baban 'Yan Biyu ya shigo da wani baƙin kasko mai nauyin tsiya da ɗan littafin girki, wai abincin dare mai gina jiki a kasko ɗaya, na ma'aurata. Ya ce daga yau duk Laraba shi ne da kicin, ni in zauna kamar baƙuwa. Har kyandir ya kunna.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Shekara goma sha huɗu ban taɓa ganin ya fere dankali ba. Amma da ya buɗe kaskon nan! Kaza ce da karas da kabeji, an zuba musu tafarnuwa kusan dunƙule uku, kanumfari cike da tafin hannu, ga ɓawon lemun tsami yana iyo a kai. Loma ɗaya na yi harshena ya mutu. Ya kafe ni da ido ya ce, "Ya ƙamshin?" Na ce, "Ai ba a magana." Ƙaryar da na yi ke nan, ga shi yau Laraba huɗu ina biyan ta da cikina. Labulen falo ma tafarnuwa yake wari. Wata ɗaliba ta tambaye ni ko mura nake sha wa magani.

Ki ba ni shawara. Ki gaida mutanen gida.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi. Na karanta takardarki na yi dariya har da ƙwalla.

Ke dai ba ki da godiya. Nawa mijin ko ruwan zafi aka ce ya dafa sai ya tambayi inda ake ajiye ruwan. Namiji ya kunna miki kyandir ki zauna kina ƙirga kanumfari? Toshe hanci ki haɗiye. In ya yi tsanani ki ɓoye tafarnuwar a bayan fulawa, ki ce ta ƙare. Kada ki kuskura ki kushe masa, irinsu sau ɗaya ake karya musu gwiwa.

A gaishe min da sabon kukun.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na bi shawararki, amma abin ya wuce wasa.

Larabar nan tun daga matakala na ji warin. Na ɗauka ɓera ne ya mutu a bayan firij. Ashe kifi ne da ya saya tun Lahadi ya manta da shi a cikin jakar kayan aikinsa, tare da sifana da tsummoki. Kwana uku, Yaya! Ya wanke abinsa ya shimfiɗa a kan dankali, ya yi ado da yankan tumatir. Naman ya yi laushi yana zarewa da kansa, wani ruwa mai yauƙi ya taru a gefen kaskon. Ƙudaje har sun gano tagar kicin.

Na ce, "Baban 'Yan Biyu, kifin nan ya ruɓe." Ya ce, "Haba, lafiyarsa ƙalau." Na ce, "Ba ka ji ba ne?" Sai ya ɗauki cokali, yana kallona, ya kai baki. Ya tauna. Ya ƙara. Na ruga banɗaki na amayar da har abin da na ci da safe.

Da na fito na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa ba. Na ce shi ƙazami ne, na ce na gaji da cin ƙazantarsa da sunan soyayya, na ce ko numfashinsa ba na son ji kusa da ni. Ya hure kyandir ya kwashe faranti. Washegari ciki ya murɗe shi, ko aiki bai je ba. Na ba shi magani, amma daga bakin ƙofa na miƙa. Yanzu a ɗakin yara nake kwana. Mutumin da zai ci wannan don kawai ya ƙaryata ni, anya na san shi?

Auta

*

Zuwa ga Yaya, tare da girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kina lafiya tare da maigida. Na samu saƙonki, kuma faɗan da kika yi min na karɓa. Ni ba gwanin rubutu ba ne, ki yi haƙuri.

Yaya, wata biyar ke nan ba na jin wari ko ƙamshin komai. Tun zazzaɓin da na yi ne. Abinci a bakina kamar jiƙaƙƙen kwali. Likita ya ce in riƙa shaƙar abubuwa masu ƙarfi kullum, kanumfari, lemun tsami, ko Allah zai sa ya dawo. Na ga in na fake da girki ba wanda zai tambaye ni dalili, kuma ga shi za mu zauna tare da Auta. Tambayar da nake mata ta ƙamshi, da gaske nake yi, don ban sani ba.

Kin san aikina. Mai gyaran gas da ba ya jin warin gas. Da kumfar sabulu nake ta lallaɓawa wajen gano inda yake yoyo. Makon jiya a kicin ɗin wani gidan abinci na gama aiki na ce lafiya lau, sai mai wanke-wanke ta ce tana jin wari. Ta yi gaskiya. Akwai mutum tara a wurin.

Kifin nan da ta ce ya ruɓe, tsoro ne ya kama ni. In na yarda, za ta tambayi yadda aka yi ban ji ba. Shi ya sa na ci. Wauta ce, na sani. Ina jin kunyar ta gan ni a haka. Don Allah ki bar maganar a tsakaninmu.

Na gode. Allah ya ƙara girma.

Ƙaninki,
Baban 'Yan Biyu

*

Auta,

Gaisuwa. Ga takardar mijinki na haɗo miki. Ya ce in rufa masa asiri, ni kuwa ba zan rufa asirin da zai iya tashi da mutum tara ba. Ki karanta a zaune.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama. Na karanta, na ajiye masa ita a kan jakar aikinsa. Mun yi faɗa, mun yi kuka, na ba shi haƙuri kan kalmar da na jefe shi da ita. Da kaina na raka shi wurin shugabansu. An mayar da shi sito har sai likita ya sallame shi. Ransa bai so ba, amma ya sa hannu.

Jiya muna kicin, shi yana yanka ni ina shinshinawa, muka shagala da hira albasa ta kama. Na miƙa hannu zan kashe wuta sai ya riƙe ni. Ya ce, "Tsaya. Wani abu na ƙonewa ko?"

Yaya, na bar ta ta ƙone ƙurmus. Hayaƙi ya cika gidan, maƙwabciya tana buga ƙofa, ni ina tari, shi ya sunkuya a kan kaskon yana ja da hanci kamar ya samu turare.

Abincin ko kare ba zai ci ba. Mun cinye.

Taki,
Auta